Sai-Da-Ni da Fakitocinsa Tara

A gida Injiniya ake ce masa. Har mahaifiyarsa haka take kiransa, tun ranar da yana yaro ya tayar mata da rediyo ta hanyar juya batir. A wurin aiki kuwa sunansa Sai-Da-Ni, kuma ba wanda ya zauna ya raɗa masa, bakinsa ne ya jawo masa. In firinta ta riƙe takarda, wannan sai da shi. In kwamfutar sakatariya ta yi sanyi, ai sai da shi. Da farko a bayan idonsa ake faɗa ana dariya, ranar da ya ji kuwa sai ya washe baki, daga nan ya riƙa amsawa. Mutumin da aka yi wa ba'a ya ɗauka kirari ne, babu sauran abin da za ka yi masa.

Gajere ne mai ɗan tumbi, da tarin makullai a ƙugu waɗanda rabinsu ba su buɗe komai, da waya biyu da yake ajiyewa a kan tebur ko ina ya zauna, fuskokinsu na kallon sama. Kamfanin da yake wa aiki na sufuri ne, manyan motoci masu dogon zango. Ofishin yana saman bene, ƙasa kuma wurin masu sayar da tikiti ne da bencin fasinjoji. Teburinsa yana can kusurwa, ya jingina bayansa da bango yadda ba mai iya leƙa abin da ke allon kwamfutarsa. Shekara goma sha ɗaya yana riƙe da shafin intanet da fasinjoji ke yankar tikiti a kai, kuma a duk shekarun nan bai taɓa tafiya hutu ba. Wannan shi ne labarin da ya fi so ya bayar, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka shafi irin wannan mutum ɗaya ne ke ƙera shi daga tushe. Ko kusa. Akwai gini gamamme da wasu masana suka riga suka yi suka sake wa duniya, masu sana'ar na ce masa firemwok, kai dai ka ɗora naka a kai. Sannan akwai ƙananan kayan haɗi da ake saukowa da su, fakiti-fakiti: wannan na aika saƙo, wancan na buga tikiti, wani na lissafin kwanan wata. Ƙa'idar aikin guda ce, kuma ɗan koyo ma ya san ta. Duk fakitin da ka ɗauko, ka rubuta sunansa da lambar samfurinsa a wani fayil, jerin kaya, kamar yadda ake rubuta wa ɗan aike abin da zai sayo. Babbar kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, wadda suke kira saba, wannan jerin take karantawa ta ɗauko kayan da kanta. Abin da ba ya cikin jeri, da zarar ta yi shara sai ta haɗa da shi.

Fakiti tara ne Sai-Da-Ni bai taɓa rubutawa ba. Na farkon, a yi masa adalci, mantuwa ce ta gaske. A shekararsa ta farko aka ƙara sabuwar hanya a shafin, saba ta yi shararta, shafin ya faɗi da jan rubutu cewa ba a sami fakiti kaza ba. Ya mayar da shi da hannu, shafin ya tashi, mai kamfanin ya dafa kafaɗarsa a gaban kowa ya ce in ba don wannan bawan Allah ba da yau an ji kunya. Ya koma kujerarsa jerin yana buɗe a gabansa, layi ɗaya ne kawai zai ƙara. Ya dubi jerin, ya tuna dafin kafaɗar nan, ya rufe fayil ɗin. Sauran takwas ɗin da saninsa ya bar su.

Tun daga nan duk lokacin da aka taɓa shafin, ko da lokacin tashin mota aka canja, sai ya faɗi, sai kuma a nemi Sai-Da-Ni. Abin takaicin shi ne ko haddace sunayen tara ɗin bai yi ba. In ya shiga saba, maɓallin kibiya mai kallon sama yake dannawa, ita kuma ta dawo masa da abin da ya rubuta wancan karon. Ya danna ya tura, ya danna ya tura, sau tara. Aikin bai kai minti ɗaya ba. Amma ya gane tun da wuri cewa abin da aka gyara a minti ɗaya ba a gode wa mai gyaran, don haka sai ya ja shi awa uku, wani lokacin huɗu. Zai cire agogo ya ajiye, ya naɗe hannun riga, ya ce a yi masa shiru. Zai buɗe baƙaƙen tagogi uku a allo rubutu na ta gudu a cikinsu, rubutun da ba ruwansa da matsalar. Zai murtuke fuska, ya ja tsaki, ya dafe kai. A ƙasa masu sayar da tikiti sun koma biro da takarda, fasinjoji na zage su tas, shi kuwa yana sama ana lallaɓowa ana ajiye masa ruwan sanyi.

A gida ma shafin ne garkuwarsa. Matarsa malamar makaranta ce, ta daɗe da daina tambayarsa ko zai je duba wane ko zai raka ta wuri kaza, don amsar ɗaya ce: idan ya yi nisa shafin ya faɗi fa? 'Ya'yansa sun tashi suna tsammanin babansu ne ke riƙe da duk motocin da ke kan titi. Dangi suka saba da ganin kujerarsa babu kowa, har suka koma ba shi uzuri tun kafin ya nema.

Shekara shida da suka wuce, wata Talata, shafin ya faɗi da misalin ƙarfe goma na safe. Mahaifinsa na kwance a asibiti, tafiyar minti ashirin daga ofis. Wajen sha ɗaya yayarsa ta kira ta ce Baba na nemansa, ya zo yanzu. Ya ce mata shafi ya faɗi, yana kai. Tsohon ya sha kwanciya ya sha tashi, kuma a ganinsa Yaya dama mai azarɓaɓi ce, ga shi ofis ya cika, kowa ya zuba masa ido. Ta sake kira sau biyu. Da ya isa asibitin bayan biyu da rabi, an riga an rufe wa tsohon fuska tun ƙarfe ɗaya da rabi. Ya shaida wa dangi cewa tun safe yake artabu da na'ura, dubban fasinjoji sun maƙale a tashoshi, da ya tashi da kamfanin ya durƙushe. Mahaifiyarsa ce ta tsaya masa, ta ce a ƙyale shi, amanar mutane ce a wuyansa, kuma da mahaifin nasa zai yi magana shi ma haka zai ce. Yaya kuwa daga ranar ta daina ce masa Injiniya, ba ta kuma sake masa wani sunan ba, in za ta yi masa magana sai ta fara kawai.

Ya ba da labarin ranar nan sau da yawa har shi kansa ya kusa yarda. Kuma a kan labarin yake tsaye. Rasa aikin ma da sauƙi, ana iya samun wani. Amma idan ta tabbata shafin ba sai da shi ba, to me ya hana shi zuwa asibiti?

Ana nan sai ga wasiƙa daga kamfanin da ke ba su hayar saba. Samfurin firemwok ɗinsu ya tsufa, masu shi sun daina toshe masa ɓaraka, don haka ƙarshen wata za a kashe tsohuwar saba. Ko su ɗaga shafin zuwa sabon samfuri su koma sabuwa, ko su nemi inda za su. Manaja na yanzu tsohon shugaban gareji ne, ya san injin mota ciki da waje amma kwamfuta sai dai kallo. Ya kawo wasiƙar, Sai-Da-Ni ya karanta da gefen ido ya ce barazana ce, haka suke yi. Da mako ya wuce ba a ga motsi ba, Manaja ya ɗauko wata mai sana'ar a kan kwantiragi.

Mace ce da ta haura arba'in, ba ta da yawan magana, kullum da littafinta mai baƙin bango da biro. Sai-Da-Ni ya yi mata kallon hadarin kaji, ya riƙa ce mata Malama da wata murya da kowa ya san me take nufi. Ya gaya wa direbobi cewa ba za ta yi mako ba, shafin nan ba ya jin maganar kowa sai mai shi.

Malama ta zauna a teburin da ke bakin ƙofa, allonta na kallon duk mai wucewa. Ta kwafi shafin zuwa kwamfutar da ba a taɓa sa mata komai ba, ta ɗaga firemwok ɗin, ta tayar. Jan rubutu ya cika allo, ba a sami wannan ba, ba a sami wancan ba. Sai-Da-Ni ya wuce da kofinsa ya yi mata sannu da aiki har sau biyu. Ita kuwa ta buɗe bayanin da masu firemwok ɗin suka rubuta game da sabon samfurin ta soma karantawa daga layin farko, abin da shi bai taɓa yi ba, yana ce masa karatun jarida. A ciki ta ga cewa abubuwa da dama da tsohon samfurin ke zuwa da su a cikinsa, sabon ya sauke su, sai ka nema da kanka. Wani fakitin an canja masa suna. Wasu biyu ba sa zama wuri ɗaya sai an daidaita lambobinsu. Aikinta ba ado: ta karanta jan rubutu ɗaya, ta nemo abin da ya ɓata, ta duba samfurin da ya dace, ta rubuta a jeri, ta sake tayarwa. Kwana huɗu tana haka, ja yana raguwa, har ya rage tara.

Waɗannan taran babu su a bayanin, babu su a tsohon jeri. Jan rubutu yana faɗin abin da ya ɓata, amma ba ya faɗin wane samfuri, ga shi fakiti ɗaya na iya samun samfuri sittin, wani kuma akwai masu suna kusan irin nasa har uku. Sai ta san ainihin wanda aka yi aiki da shi kafin ta san magajinsa. Ta je teburin Sai-Da-Ni ta tambaye shi cikin ladabi. Ya juya kujera, ya ce irin wannan ba a bayani, ta ba shi kalmar sirrin sabuwar saba ya shiga ya yi abin da ya saba. Ta ce sabuwar ba ta da ƙofar da ake shiga da hannu, jeri kawai take karantawa, ta gina komai daga farko kowane karo. Ya yi dariya har da buga tebur. Sannan ya yi wuni guda cur yana neman ƙofar, bai cire agogo ba, bai nemi ruwan sanyi ba.

Washegari ya sami Manaja ya ce aikin sai an ba shi mako biyu, alhali kwana huɗu suka rage. Malama ta tare shi a kan matakala, inda ba mai jinsu.

"Injiniya, layi tara ne," in ji ta. "Ka rubuta su da hannunka, ni kuma in ce kai ka warware. Ba abin da zan ci da sunan."

Ko ɗan ƙaramin hankali gare shi da ya karɓa, don ba kullum ake miƙa wa mutum mutuncinsa a kan matakala ba. Shi kuwa ya gyara makullan ƙugunsa ya ce ta je ta ci gaba da karatun jarida.

Da ya rage kwana biyu, Manaja ya zo da kansa ya tsaya a kansa ya ce ya ba da kalmar sirrin tsohuwar saba, za a kwashe bayanan fasinjoji. Ya yi ta kame-kame, Manaja bai motsa ba. A ƙarshe ya rubuta a 'yar takarda, da ƙananan haruffa kamar hakan zai hana a karanta.

Da safiyar Alhamis ne Malama ta shiga. Manaja na tsaye a bayanta hannu a aljihu, Sai-Da-Ni kuma ya taso ya tsaya nesa kaɗan, wai kada ta ɓata masa abu. Ba ta taɓa bayanan fasinjoji ba tukuna, wani ƙaramin fayil ta fara buɗewa. Shekara goma sha ɗaya yana danna kibiyar nan, bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa daga ina take ɗauko abin da take dawo masa da shi ba. Ashe saba na rubuta duk umarnin da aka ba ta, da kwanan wata, da awa, da minti. Ga layukan tara nan a jere, kowanne da sunan fakiti da lambar samfurinsa, an maimaita su fiye da sau ɗari biyu, kusan babu komai a tsakaninsu. Abin da ya ƙi rubutawa, na'urar ta daɗe tana rubuta masa, kuma aikinsa na shekarun nan duka bai fi abin da za a karanta kafin kofi ya huce ba.

Manaja bai san kwamfuta ba, amma ya san abin da ake nufi da ƙusa da ba a ɗaure ba. Ya sa Malama ta yi masa bayani sau biyu, a hankali. Ya tambaya ko da an rubuta su a jerin tun farko shafin zai riƙa faɗuwa, ta ce a'a. Ya tambaya wane tsawon lokaci layukan ke ɗauka. Sai ta nuna masa agogon da ke gefen kowane layi.

Sai-Da-Ni ya soma borin kunya, ya ce ai gano matsala shi ne aikin, rubutawa ba komai ba ce, wannan fayil ɗin ba ya nuna tunani. Manaja ya gyaɗa kai. Ya ce shi akwai ranar da ba ya mantawa, lokacin yana gareji aka turo shi ƙasa ya taya masu tikiti, fasinjoji suka yaga masa aljihun riga. Awa huɗu shafin na kwance. Ba da mugunta ya faɗa ba, neman hujjar da za ta wanke mutumin yake yi.

"Ranar da mahaifinka ya rasu ce, Allah ya jiƙansa," in ji shi. "Wannan ai mun ga wahalar da ka sha. Malama, nemo mana ita."

Ta nemo. A ranar, umarni na farko an ba da shi ƙarfe goma da minti shida, na leƙa jan rubutun ne, wanda sunan fakitin ke ciki ƙuru-ƙuru. Daga nan babu komai. Babu a sha ɗaya, babu a sha biyu, babu a ɗaya da rabi. Sai biyu da minti goma, layuka tara a jere, na ƙarshensu biyu da minti sha ɗaya. Malama ta ɗauke hannunta daga kan kwamfutar ta ɗora a cinya. Manaja ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce Allah ya jiƙan tsoho, ya koma ofishinsa ya turo ƙofa.

Kafin la'asar ta nemo magajin kowanne cikin taran, ta rubuta su a jeri, ta tayar. Babu ja ko ɗaya. Ta canja lokacin tashin wata mota don gwaji, shafin bai ko girgiza ba. Ba a kori Sai-Da-Ni ba, da an kore shi ma da ya sami labarin bayarwa. Washegari da safe sakatariya ce ta kawo masa takarda, an ba shi hutun wata guda, Manaja ya rubuta a ƙasa da biro cewa ya huta sosai, ba za a dame shi ba.

Da hantsi ya isa gida, lokacin da bai taɓa ganin gidan ba. Matarsa na makaranta, yara ma haka. Mahaifiyarsa ce kaɗai, zaune a kujerarta a bakin ɗaki tana gyaran maɓallin rigar jikanta. Da ta ɗago ta gan shi sai ta ajiye allurar, hankalinta ya tashi, ta tambaye shi ko lafiya. Ya ce lafiya lau, Inna, hutu aka ba shi.

"Hutu kuma? To wa ka bar wa shafin?" in ji ta. "Ka koma, Injiniya, kada ya faɗi bayin Allah su wahala. Kai da ko ranar babanku ba ka sami barinsa ba."

Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta, ya fito da wayoyin nan biyu ya ajiye a kan siminti, fuskokinsu na kallon sama. Ta sake ce masa ya tashi ya koma. Ya ce to, Inna, bai kuma tashi ba.